Yadda Nauyin Ruwa Ke Bayyana Tarihinsa

Gabatarwa

A idon mai kallo ruwa duk ɗaya ne, na rijiya ne ko na sama ko na teku. Sai dai masana kimiyya sun gano cewa ƙwayoyin da suka haɗu suka zama ruwa ba nauyinsu ɗaya ba. Wannan ɗan bambanci shi ke nuna inda ruwa ya fito, da yanayin da ya zuba a cikinsa, da kuma daɗewar da ya yi a ajiye. A wannan darasi za a yi bayanin yadda hakan ke faruwa da irin amfanin da ake samu daga saninsa.

Ma'anar Aisotof

Kowace ƙwayar ruwa ta ƙunshi ƙwayoyin zarra biyu na haidirojin da ɗaya ta oksijin. Aisotof kuwa su ne nau'o'in sinadari guda waɗanda halayensu iri ɗaya ne, amma nauyinsu ya bambanta saboda yawan niyutiron da ke cibiyarsu. Alal misali, fiye da kashi 99 cikin 100 na oksijin mai lamba 16 ne, wato marar nauyi, yayin da mai lamba 18 bai wuce ɗaya cikin 500 ba. Haka ma haidirojin yana da nau'i mai nauyi da ake kira ditiriyam, wanda Harold Urey na Amurka ya gano a 1931, da kuma wani da ake kira tiritiyam, wanda rabinsa ke ɓacewa cikin kimanin shekara 12.

Aisotof a Zagayen Ruwa

Domin fahimtar wannan batu, sai a tuna da mace mai shiƙar hatsi. Idan ta ɗaga ƙwarya ta zubo, iska kan kwashi ƙaiƙayi ta yi nisa da shi, tsaba kuma ta faɗi kusa saboda nauyinta. Kusan haka abin yake ga ruwa. Idan rana ta dami teku, ƙwayoyi marasa nauyi sun fi saurin tashi su zama tururi. Idan kuma tururin ya haɗu ya zama girgije, masu nauyi ne ke fara zubowa. Saboda haka, gwargwadon nisan da girgije ya yi daga teku, ko hawan da ya yi bisa tsauni, ko sanyin da ya shiga, gwargwadon raguwar aisotof masu nauyi a ruwan da zai zubar.

Willi Dansgaard, masani ɗan ƙasar Denmak, shi ne ya fayyace dangantakar da ke tsakanin sanyin wuri da yawan oksijin mai lamba 18 a wani nazari da ya buga a 1964. Tun farkon shekarun 1960 kuma Hukumar Makamashin Nukiliya ta Duniya da Hukumar Yanayi ta Duniya ke tattara ruwan sama wata-wata daga tashoshi a sassan duniya domin a auna shi.

Ƙanƙara a Matsayin Kundin Tarihi

A Girinlan da Antatika dusar ƙanƙara ba ta narkewa duka. Ta bana kan hau kan ta bara, nauyi ya danne ta har ta daskare, ta zama hawa-hawa kamar shafukan littafi. Masana kan huda ta da na'ura su zaro doguwar sanda ta ƙanƙara, su yanka ta gunduwa-gunduwa su auna. Inda aka tarar da ƙarancin aisotof masu nauyi, an san dusar ta zuba ne a lokacin tsananin sanyi. A saman ƙanƙarar Girinlan har ana iya bambance hunturu da lokacin zafi, a ƙidaya shekaru ɗaya bayan ɗaya.

A 1966 aka huda ƙanƙarar Camp Century ta Girinlan har zuwa ƙasan da take kai, zurfin kusan mita 1,390. A tashar Vostok ta Antatika an kai mita 3,623 a 1998, aka karanto yanayin shekara 420,000. A farkon 2025 masana daga Turai suka sanar da zaro ƙanƙarar da ta kai shekara miliyan 1.2. Da aka kwatanta aisotof da kumfar iskar da ta maƙale cikin ƙanƙarar, sai aka ga cewa zafin duniya da yawan iskar kabon dayoksaid tare suke hawa, tare suke sauka.

Amfaninsa ga Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa

Ilimin bai tsaya ga ƙasashen sanyi ba. Gwaje-gwajen makaman nukiliya sun cika sararin sama da tiritiyam, wanda ya kai ƙololuwa a 1963. Don haka ruwan rijiyar da ke ɗauke da shi sabon ruwa ne da damina ke sabuntawa. Wanda ba ya da shi kuwa ya riga wancan zamani shiga ƙasa. Bincike a kwarin Tafkin Chadi ya nuna cewa ruwan da ke can ƙasa sosai ya taru ne shekaru dubbai da suka wuce, lokacin da yanayi ya fi na yau sanyi. Irin wannan ruwa gado ne, idan aka zuƙe shi da rijiyoyin burtsatse ba lissafi, ba zai dawo a rayuwar jikokinmu ba.

Kammalawa

An ga yadda ɗan bambancin nauyi ke mayar da ruwa shaidar tafiyarsa, daga teku zuwa girgije, daga girgije zuwa ƙanƙara ko rijiya. Ya kamata malami ya fara koyar da wannan batu daga abin da ɗalibai suka sani, kamar shiƙa da tururin tukunya, kafin ya gabatar da sababbin kalmomi.

Auna Fahimta

1. Mece ce ma'anar aisotof?
2. Yi bayanin dalilin da ya sa ruwan saman wurare masu sanyi ke da ƙarancin aisotof masu nauyi.
3. Ta yaya ake bambance sabon ruwan rijiya da tsoho?