Kuɗin cefane tsakanin Fulatari da bakin Komadugu

Yawancin buhunan busasshen tattasai da ake lodawa a kasuwar Diffa Najeriya suke nufa, haka ma bandar kifin tafkin Cadi. Can a Fulatari kuwa, cikin gundumar Maine-Soroa, makiyayi kan kai rago ko bunsuru kasuwa ya komo da buhun hatsi da sukari da ganyen shayi, uwargida ta sayar da nono da man shanu ta sayo magi da sabulu. Idan aka duba da kyau, abin da ke gina jiki shi ke barin gidaje, abin da ke cika ciki da mai daɗin baki su ke shigowa. Ba wauta ce ta jawo haka ba. Mai ƴaƴa bakwai dole ya fara da hatsi, kuma wanda bai taɓa ganin ƙasan rumbu a watan Yuli ba bai isa ya yi masa wa'azi ba.

Sai dai jiki ba ya karɓar wannan uzuri. Babban binciken lafiya da aka yi a Nijar a 2012 ya nuna cewa kusan yara 73 cikin 100 ƴan ƙasa da shekara biyar suna da ƙarancin jini, mata masu shekarun haihuwa kuma kusan 46 cikin 100. Zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki suna da nasu kaso a ciki, amma tukunya ma tana da nata. Tuwon gero da miyar da ta fi kama da ruwa suna kashe yunwa, yaro ya ƙoshi ya yi barci, jikinsa kuwa bai samu abin yin jini da tsoka ba.

Gyaran da ya fi araha shi ne wake. Bayan Najeriya, Nijar na sahun gaba a noman wake a duniya, amma gidaje da dama suna kallonsa a matsayin kayan sayarwa ko abincin ranar da babu. Abin gina jikin da ke cikin gero da masara da shinkafa yana da giɓi, wake ne ke cike shi, shi ya sa shinkafa da wake ko ɗanwake ko tuwo da miyar wake suka fi hatsi zalla nesa ba kusa ba. Tiya ɗaya ta wake cikin cefanen mako ta fi ƙullin taliya uku amfani. A nan ne kanwa ke shigowa, ita da ƙasar Manga ke da ita a yalwace. Tana nunar da wake da wuri, ta rage cin itace, amma idan ta yi yawa tana lalata wasu bitamin na rukunin B. Wanda ya jiƙa wakensa tun dare ya zubar da ruwan da safe zai ga ɗan ƙanƙanin kanwa ya ishe shi, kuma kumburin ciki ya ragu.

Sinadarin ƙarfen da ke cikin gero da wake da ganye ba ya shiga jini da sauƙi sai ya samu bitamin C a gefensa. Ɗanyen tattasai na cikin abincin da suka fi kowane wadatar wannan bitamin, kuma ga shi a fadamar kogin Komadugu tun daga kaka har cikin sanyi. Shanya a rana tana cinye mafi yawansa, don haka busasshen da ake dakawa, duk da launinsa da ƙamshinsa, ba ya maye gurbin ɗanye. A yanka ɗanyen tattasai da tumatir da albasa a kan dafa-duka ko kwaɗon zogale, ko a matsa lemun tsami, an gama. Shayi kuwa akasin haka yake yi: yana ɗaure ƙarfen ya hana jiki sha. Ba wanda zai raba Bafulatani ko Babarbare da butar shayinsa, ban ma ga dalilin gwadawa ba. A dai ba shi tazarar awa ɗaya bayan cin abinci, musamman ga mai ciki da mai shayarwa, yara ƙanana kuma a bar su da nono.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya. Kusan rabin nauyin ɗunƙulen magi gishiri ne. Tukunyar da aka jefa wa ɗunƙule huɗu, aka bi da gishiri, aka ƙara yaji mai magi a gefen kwano, ita ce ke haɗa mutane da hawan jini tun ba su kai hamsin ba. Daddawa, ko ta kalwa ko ta batso, da ɗan garin busasshen kifi da albasa suna ba miya ɗanɗanon da zai sa a rage magin da rabi ba tare da maigida ya ce uffan ba. Gishirin da za a saya kuwa ya zama mai aidin. Gishirin gargajiya ba a ƙara masa wannan sinadari, kuma rashinsa ne ke kawo maƙoƙo, ya kuma dakushe ƙwaƙwalwar jariri tun yana ciki.

A gaban mai tebur, ido da hanci sun fi iya ciniki muhimmanci. Wasu masu banda suna yayyafa wa kifi maganin ƙwari irin fiya-fiya don kada ya yi tsutsa a hanya. Kifin da ke warin magani, a wuce shi ko da mai shi ya ce, «Hajiya, ɗauki a yadda kika taya.» Haka ma wake: a tambayi yadda aka ajiye shi. Buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro tare da masu bincike na Afirka, yana kashe ƙwari ta hanyar toshe iska, babu ko ɗigon magani. Gyaɗa da masara da tattasai da suka yi fumfuna su ne mafi haɗari, domin dafin da fumfunar ke bari yana taɓa hanta, kuma tafasa ba ta kashe shi. Gyaɗar da ta yanƙwane ko ta yi ɗaci a tsince ta a zubar, kada a ce ai ƙuli-ƙuli za a yi.

Tun hare-haren watan Fabrairun 2015 a Bosso da Diffa, da dokar ta-ɓacin da ta biyo baya wadda ta taƙaita kamun kifi da cinikin tattasai na tsawon shekaru, cefane a jihar Diffa ya zama aikin lissafi. Farashi na bin naira, yana bin hanya, yana bin cikar kogi. Abin da uwargida ke da iko a kai shi ne lokaci. Da damina nono na da yawa a rugage, sai a sha, amma a tafasa shi kafin a kafa kindirmo, domin ɗanyen nono na ɗauke da cututtukan da ke tsallakowa daga dabba zuwa mutum. Lokacin da kuɓewa da yakuwa da zogale suka yi arha a saya da yawa, a shanya ganyen a inuwa don ya riƙe korensa, a ajiye wa bazara.

Sauran magana ita ce ta ƴan kuɗin da ake miƙa wa yaro da safe ya saya biskit da garin lemo mai kala. Kuɗin nan za su sayi ƙosai ko dabino ko ƙwai ɗaya. Shi kuwa jaririn da ya cika wata shida, wanda zai fara cin abinci a kan nonon uwa, cikinsa ƙarami ne, kunu tsararo yana cika shi a banza. A dama masa mai kauri wanda zai tsaya a cokali, a zuba garin gyaɗa mai kyau ko na soyayyen wake, da garin kifin da aka cire wa ƙaya, da ɗan man shanu, a zuba masa a kwanonsa shi kaɗai don a san iya abin da ya ci.