Bakin Kakakin da Ake Auna 5G da Shi

Tun kullen korona na 2020 ake yawo da zancen cewa turakun 5G na dafa jikin mutum, kuma har yau saƙon bai bar WhatsApp ba. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda jama'a ke ɗauka cewa in aka ce gigahaz ya yi yawa, to ƙarfi ne ya yi yawa. Gigahaz yawan kaɗawar igiya ne a daƙiƙa guda. Muryar yaro ta fi ta dattijo siranta, amma wannan bai sa ta fi ta ƙarfi ba. Kukan sauro ya fi na bijimi kaifi, wa ya taɓa jin sa daga bayan gari?

Duk mai sauraron gajeren zango ya san mita 16 da mita 19. Tsawon igiyar ke nan. Daga gigahaz 30 zuwa 300, tsawon na komawa milimita 10 zuwa 1, wato daga ƙwayar wake zuwa abin da bai kai ƙwayar gero ba. Igiya ce raguwa: bango na tare ta, ruwan sama da ganye na rage ta, a jikin mutum kuma ba ta wuce fata. Layin da MTN da Mafab suka saya a gwanjon hukumar NCC a Disambar 2021 ma na gigahaz 3.5 ne, bai shiga wannan sahu ba.

To, da me ake aunawa? Da wata eriya mai kama da mazurari, ƙarfe ne tsukakke a gindi, buɗaɗɗe a baki, kamar bakin kakaki ko lasifikar masallaci. Buɗewar da take yi a hankali ita ke sa igiya ta fito ko ta shiga ba tare da ta koma baya ba, tamkar yadda mai kira ke haɗa tafuka a baki. Wadda aka yi wa tudu biyu a ciki kan ɗauki faɗi mai yawa, misali daga gigahaz 18 zuwa 40, don haka injiniya ba sai ya yi ta sauya eriya ba. Ana kafa ta a ɗakin da aka lulluɓe da soso mai tsini don kada amsa-kuwwa ta ɓata lissafi, a sa waya a gabanta, a karanta adadin da take fitarwa. Dabarar ba sabuwa ba ce: masanin Indiya Jagadish Chandra Bose ya yi aiki da irinta a shekarun 1890.

Akwai kuma ma'aunin da ake kwatantawa da shi. Hukumar ICNIRP ta ƙasa da ƙasa, mai ba da ƙa'idojin kariya daga irin waɗannan igiyoyi, ta ƙayyade wat 10 a kowace murabba'in mita ga jama'ar gari a wannan zango. Shi ya sa nake jin takaici in hukuma ta tsaya a "babu illa" kawai. Mutumin da aka kafa turke a bayan katangarsa ya cancanci a zo da na'ura, a auna a gabansa, a rubuta masa adadin da Hausa.