Yaye Majinyaci Daga Na'urar Numfashi: Shawarar Kwamfuta da Hukuncin Likita

Gabatarwa

Majinyacin da numfashinsa ya gaza akan jona shi da na'ura ta hanyar bututun da ake zura masa a maƙogwaro. Idan sauƙi ya fara samuwa, sai a riƙa rage masa tallafin sannu a hankali har ya dogara da ƙirjinsa. Wannan shi ne likitoci ke kira yaye. Wuyar al'amarin tana ga gane lokacinsa. In an jinkirta, tsokar numfashi ta raunana, ƙwayoyin cuta su sami hanyar shiga huhu. In an yi gaggawa, numfashi ya sarƙe, a tilasta mayar da bututun, kuma hakan na ƙara haɗarin mutuwa.

Yadda Manhajar Take Aiki

Daga cikin manhajojin da aka ƙera domin wannan akwai SmartCare ta kamfanin Dräger na Jamus, wadda ta samo asali daga binciken Michel Dojat da Laurent Brochard a Faransa. Tana lura da abubuwa uku: yawan numfashi, wanda ake so ya tsaya tsakanin 15 da 30 a minti, girman iskar da ake shaƙa, da adadin gurɓatacciyar iskar da ake fitarwa. Bayan kowane 'yan mintoci takan ƙara tallafi ko ta rage. Idan majinyaci ya jure mafi ƙarancin tallafi, sai ta rubuta shawarar a duba yiwuwar raba shi da na'urar.

A wani bincike da aka buga a 2006 kan majinyata 144 a Turai, kwanakin yaye sun ragu daga 5 zuwa 3. Sai dai gwajin da aka buga a 2008 daga Melbon ta Ostareliya, inda kowane majinyaci ke da ƙwararren ma'aikacin jinya nasa, bai nuna fifikonta a fili ba.

Kammalawa

Manhajar ba ta auna farkawar majinyaci, ko ƙarfin tarinsa wajen fitar da majina. Saboda haka shawararta alama ce abar dubawa, amma cire bututu hukuncin likita ne, kuma alhakin yana wuyansa. Ya wajaba kuma a bambanta yaye da ɗauke na'ura daga wanda ƙwaƙwalwarsa ta mutu, mas'alar da Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta yanke hukuncinta a Amman a 1986. Waccan ta shafi tabbatar da mutuwa, wannan kuwa matakin waraka ne.