Tuta da Lamba: Abin da Ke Raba Jirgin Yaƙi da na 'Yan Fashi

Mutumin Agiye ko Gazawa yana iya ƙare rayuwarsa bai ga teku ba, amma kaya da yawa na shagon unguwarsu ta teku suka zo. Shinkafa da magani da babura sai sun sauka a Kwatano ko Lome ko Legas kafin tirela ta hauro da su Maraɗi. Tun 2024 kuma, bututu mai kusan kilomita 2,000 ke kai ɗanyen man Agadem gaɓar Benin. Ashe jiragen yaƙin da ke sintiri a mashigin tekun Gini har da mu suke yi wa gadi. Wanda ya gan su a talabijin, sojoji sun jeru cikin fararen kaya, ana busa usur ana ɗaga tuta, zai ɗauka ƙawa ce kawai. Alhali wannan ƙawar tana cikin aikin, kuma in babu ita aikin bai halatta ba.

Hujjar farko daga doka take. Yarjejeniyar dokokin teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda aka sa wa hannu a Jamaika a 1982, ta gindaya sharuɗɗa a sashe na 29 kafin a kira jirgi na yaƙi: ya zama mallakar sojan wata ƙasa, yana ɗauke da alamomin ƙasar a fili, kwamandansa hafsa ne da sunansa ke cikin kundin hukuma, ma'aikatansa kuma suna ƙarƙashin horon soja. Girman bindiga ba ya cikin lissafin. Sashe na 107 ya ƙara da cewa irin wannan jirgi, ko wani na gwamnati mai alama bayyananniya, shi kaɗai ke da ikon kama 'yan fashin teku. A tsakiyar ruwa, inda babu ɗan sanda babu mai unguwa, matuƙin jirgin kaya da ya hango wasu ɗauke da makamai sun nufo shi, da tuta da lambar da ke jikin jirgin zai gane hukuma ce ko ɓarayi.

Dubi Aradu, babban jirgin sojan ruwan Najeriya. Kamfanin Blohm + Voss ya ƙera shi a Hambug ta Jamus, ya fara aiki a 1982, tsawonsa ya ɗan haura mita 125. Shi ne na farko a tsarin MEKO, inda ake haɗa makamai da na'urori cikin akwatuna daban-daban, yadda za a cire ɗaya a sa wani ba tare da an farke jikin jirgin ba. Fentinsa ruwan toka ne don ya saje da hazo da sararin sama, amma ga F89 an rubuta ɓaro-ɓaro a gefensa. Wato yana ɓuya daga nesa, yana bayyana kansa daga kusa. Sunayen ma da dabara a cikinsu. Wasu jirage uku masu gudu da aka sayo daga Jamus an raɗa musu Ekpe, Damisa da Agu, dabba ɗaya cikin harsuna uku, don matuƙi daga kowane yanki ya ji rundunar tasa ce. Karaduwa, wanda aka ƙera a Legas aka ƙaddamar a 2016, sunan kogin ƙasar Katsina ya ci.

Bukukuwan yau da kullum su ma kowanne da dalilinsa. Da ƙarfe takwas na safe ake ɗaga tuta a jirgin da ke tashar ruwa, a sauke ta da faɗuwar rana, duk wanda ke waje ya ƙame. Mai hawa jirgi yakan tsaya ya sara wa tuta kafin ya wuce. Usur ɗin nan mai siririyar murya an riƙe shi ne tun zamanin jiragen iska, domin yana ratsa ƙugin ruwa inda muryar mutum ke ɓacewa. Harbin girmamawa sau 21 ya samo asali daga lokacin da ɗura igwa ke cin lokaci, sai baƙon jirgi ya zazzage igwoyinsa a iska don a san da alheri ya zo. Mutum kusan 200 da ke cunkushe cikin ƙarfe na makonni, ga mai ga albarushi, ranar da gobara ta tashi ba lokacin gardama ba ne. Biyayyar da za ta cece su ran nan, a wajen gaisuwar safiya aka sabar musu da ita. Wanda ya san fadar Sarkin Gobir a Tsibiri ba zai yi mamaki ba: tambari ba a buga wa kowa, kuma da jinsa an san wanda ke tafe da ikon da yake ɗauke da shi.

Wani zai ce ai gadon Turawa ne. Gaskiya ne, rundunar ruwan Najeriya da aka kafa a 1956 daga Ingila ta ɗauko tsarinta, har da farar tuta. Sai dai teku hanya ce ta kowa, kuma alamar da mai ita kaɗai ke ganewa ba ta da amfani. Dole jirgin Najeriya da na Barazil su fahimci juna tun kafin a yi magana. Abin da ya saɓa wa addinin mutane, kamar fasa kwalbar giya ranar saukar da jirgi ruwa, ana iya musanya shi, domin doka ba ta wajabta shi ba. Suka mai nauyi ita ce ta masu cewa fareti ba ya gyara inji. Aradu, wanda ya je bikin jiragen yaƙi a Ingila a 2005, daga baya ya shafe shekaru a ɗaure yana jiran gyara. Wannan laifin masu kasafin kuɗi ne, kuma soke fareti ba zai sayi ko ƙusa ɗaya ba. Tuta alkawari ce cewa akwai hukuma a bayan jirgin, wadda za a tuhuma idan ya yi ɓarna. Haƙƙin talakan da ke biyan haraji ne, na bakin teku da na Gidan Rumji da kayansa ke kan ruwa, ya tambaya ko ana cika alkawarin.