Abdulhalim Hafiz: Marayan da ya zama muryar juyin juya halin Masar, da tambayar da ya bar wa mawaƙan siyasa

A ranar 30 ga Maris, 1977, wani mawaƙi ɗan shekara 47 ya rasu a asibitin King's College da ke Landan. Da aka kai gawarsa Alƙahira, jama'a suka cika tituna maƙil, har ana kwatanta jana'izarsa da ta Shugaba Jamal Abdul Nasir da ta mawaƙiya Ummu Kulsum. Wannan mutum shi ne Abdulhalim Hafiz, wanda Larabawa ke yi wa laƙabi da Al-Andalib Al-Asmar, suna kamanta shi da wani tsuntsu mai zaƙin murya. Matasa sun san shi da waƙoƙin soyayya da finafinai, gwamnati kuwa ta san shi a matsayin muryar da ta fi kowace jarida isar da saƙonta ga talaka.

Daga gidan marayu zuwa gidan rediyo

Sunansa na yanka Abdulhalim Ali Shabana. An haife shi a ranar 21 ga Yuni, 1929, a ƙauyen Al-Halawat da ke lardin Sharƙiyya. Mahaifiyarsa ta rasu kwanaki kaɗan da haihuwarsa, mahaifinsa ya bi ta tun yaron bai san kansa ba. Ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a gidan marayu na garin Zagazig. A waɗannan shekarun ne ya kamu da cutar tsargiya, wadda yaran karkarar Masar ke ɗauka a magudanan ruwan noman rani. Ita ce ta bi shi har kabari.

Yayansa Isma'il, wanda shi ma mawaƙi ne, ya buɗe masa hanya. Abdulhalim ya yi karatun kiɗa a Alƙahira, ya ƙware a busa oboe, wani abin busa na Turawa mai kama da algaita, ya kammala a 1948. Ya koyar da kiɗa a makarantu, sannan ya shiga ƙungiyar makaɗan gidan rediyon ƙasa. Wani jami'in gidan, Hafiz Abdulwahab, shi ne ya gane baiwar muryarsa, kuma daga sunansa ne mawaƙin ya ari "Hafiz".

Bai karɓu nan take ba. A 1952 ya rera "Safini Marra" a Iskandariyya, masu sauraro suka ƙi ta, domin sun saba da dogayen waƙoƙi masu nuna ƙarfin maƙogwaro, shi kuwa ya zo da gajeruwa, cikin murya mai laushi kamar yana hira da mutum ɗaya. A watan Yunin 1953, lokacin da aka soke sarauta aka ayyana jamhuriya, ya sake rera waƙar, sai ta samu karɓuwa. Tauraruwarsa da ta sabuwar gwamnati suka fito tare.

Me ya sa finafinansa suka ja hankali?

Daga 1955 zuwa 1969 ya fito a finafinai 16. Ya fara da "Lahn al-Wafa" tare da Shadiya, sai "Ayyamna al-Hilwa" tare da Fatin Hamama da Umar Sharif, duka a 1955. Na ƙarshe shi ne "Abi Fauƙ al-Shajara" na 1969, tare da Nadiya Lutfi, wanda ya daɗe ana nuna shi a gidajen silima saboda cinkoson masu kallo.

Sirrin yana cikin irin rawar da yake takawa. Sau da yawa yakan fito a matsayin ɗalibi ko saurayi marar dukiya, siriri mai kunya, wanda bambancin arziki ya shiga tsakaninsa da yarinyar da yake so. Wannan ya dace da zamanin da gwamnati ke karɓe gonakin manyan masu ƙasa tana rabawa, tana kuma faɗa wa 'ya'yan talakawa cewa ilimi zai kai su inda iyayensu ba su kai ba. Saurayin da ya bar ƙauye ya zo jami'a yakan ga kansa a allon silima. Sanin da jama'a suka yi cewa maraya ne kuma marar lafiya ya sa baƙin cikin da ke waƙoƙinsa bai yi kama da wasan kwaikwayo ba.

Ba shi yake rubuta baitoci ko tsara kiɗa ba. Ƙwarewarsa ita ce zaɓen abokan aiki: Kamal al-Tawil da Muhammad al-Muji da Baligh Hamdi a ɓangaren kiɗa, Salah Jahin da Abdurrahman al-Abnudi da Nizar Ƙabbani a ɓangaren baitoci. Ya kuma fahimci kasuwa, domin tare da Muhammad Abdulwahab da lauya Majdi al-Amrusi suka kafa kamfanin Saut al-Fann, mai buga faya-fayai da shirya finafinai, don kada ribar aikinsu ta tafi aljihun wasu.

Yadda ya zama muryar Nasir

Gwamnatin Nasir ta gane tun da wuri cewa a ƙasar da mafi yawan jama'a ba sa karatu, rediyo ya fi jarida tasiri. A 1953 aka kafa tashar Saut al-Arab, wadda ake ji a faɗin ƙasashen Larabawa. A bukukuwa da dama na tunawa da juyin mulkin 23 ga Yuli, 1952, Abdulhalim kan zo da sabuwar waƙa, Nasir na zaune a sahun gaba.

Babban misali shi ne "Hikayat Sha'ab" ta 1960. A watan Yulin 1956 Amurka ta janye alkawarin ba da kuɗin gina madatsar ruwa ta Aswan. Nasir ya mayar da martani da ƙwace mashigin ruwa na Suwez a ranar 26 ga watan, abin da ya jawo harin Ingila da Faransa da Isra'ila. Waƙar ta mayar da wannan tarihi labari mai amshi, wanda yaro zai iya haddacewa. Abin da ba ta faɗa ba shi ne dubun dubatar 'yan ƙabilar Nubiya da ruwan madatsar ya raba da garuruwansu, da 'yan gurguzu da 'yan Ikhwan da ke tsare a kurkuku a lokacin.

Sai yaƙin Yunin 1967. Gidajen rediyo suka yi ta shelar nasara, alhali an ragargaza jiragen yaƙin Masar tun ranar farko, kuma cikin kwana shida aka rasa yankin Sinai. Waƙoƙin alfahari suka koma abin takaici. A nan ne Abdulhalim ya rera "Adda al-Nahar", waƙar juyayi da ba ta yi wa kowa kirari ba. Wanda ya rubuta ta, al-Abnudi, gwamnatin Nasir ta tsare shi a 1966. Har yau masu sauraro da yawa na ganin ta fi waƙoƙin yabon gaskiya.

Wata hanyar ta kasance a buɗe, amma mai tsada. A shekarun nan ne makahon mawaƙi Shaikh Imam da abokin aikinsa Ahmad Fu'ad Najm suka zaɓi sukar masu mulki. Aka hana sa waƙoƙinsu a rediyo, aka yi ta kai su gidan yari, jama'a na yaɗa su a kaset a ɓoye. Abdulhalim bai bi wannan hanya ba. Bayan rasuwar Nasir a 1970, ya yi wa Anwar Sadat waƙa a yaƙin Oktoban 1973, sannan ya fi karkata ga dogayen waƙoƙin soyayya, irin "Ƙari'at al-Finjan" ta 1976.

Abin da ya rage bayan mutuwarsa

Tsargiya ta lalata masa hanta, ta jawo masa aman jini akai-akai tun shekarun 1950, ya shafe kusan shekara 20 yana zarya tsakanin dandali da gadon asibiti. Ya rasu bai bar 'ya'ya ba.

Muryarsa ba ta mutu ba. Kiɗan "Khusara", wanda Baligh Hamdi ya tsara, shi ne aka ɗora waƙar "Big Pimpin'" ta Jay-Z a kai, lamarin da ya kai ga shari'a a Amurka, inda kotu ta yi watsi da ƙarar wani ɗan uwan Hamdi a 2015. A 2011 kuma, masu zanga-zangar dandalin Tahrir suka riƙa sa waƙoƙinsa na kishin ƙasa suna neman Husni Mubarak ya sauka. Waƙoƙin da aka yi don ƙarfafa mulkin soja suka zama makamin yaƙi da magajinsa.

Masu kare shi na cewa bai sayar da murya ba, ya yi imani ne da abin da miliyoyin tsararrakinsa suka yi imani da shi. Masu sukarsa na cewa imanin mawaƙi ba ya wanke shi idan zaƙin muryarsa ya rufe kukan waɗanda aka zalunta. Lokaci dai ya yi nasa tankaɗen: waƙoƙin da suka yi wa shugaba kirari sun koma kayan tarihi, waɗanda suka yi magana kan ƙasa da raɗaɗin mutanenta kuwa har gobe ana rera su a titunan Alƙahira.