Rakmaninof da Faifan Garmaho: Abin da Rubutun Kiɗa Bai Iya Riƙewa

Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce mu yi nazarin rayuwar Sergei Rakmaninof (1873-1943), makaɗin fiyano ɗan ƙasar Rasha, tare da faya-fayan garmaho da ya bari. Turawa suna da al'adar rubuta kiɗa a takarda da wasu alamomi, ta yadda ko bayan mutuwar wanda ya tsara shi, wani zai ɗauki takardar ya kaɗa. Sai dai takarda ba ta faɗin kome da kome. Takan ce a yi sauri ko a sassauta, amma ba ta cewa ga iyakar saurin, ko ga inda ya kamata a ɗan ja numfashi. Manyan makaɗan zamanin Romantik, watau salon ƙarni na 19 wanda ya ba da ƙarfi ga bayyana abin da ke cikin zuciya, kamar bege da baƙin ciki, yawancinsu sun shuɗe ba a naɗi kiɗansu ba. Shofan ya mutu a 1849, List kuma a 1886. Rakmaninof yana cikin na ƙarshe a wannan jeri, kuma shi muna iya jinsa da kunnenmu.

Taƙaitaccen Tarihinsa

An haife shi ranar 1 ga Afrilu, 1873, a lardin Novgorod, cikin gidan masu filaye, amma mahaifinsa ya salwantar da dukiyar. A 1885 aka kai shi Mosko wurin Nikolai Zverev, malami mai tsanani wanda yakan ajiye ɗalibansa a gidansa. Ya gama makarantar kiɗa ta Mosko a 1892 da babbar lambar zinariya. A shekarar ce kuma ya tsara wani gajeren kiɗan fiyano na share fage, wanda ya bazu duniya, ya kuma zame masa alaƙaƙai, domin duk inda ya je sai an roƙe shi ya kaɗa shi.

A 1897 aka gabatar da simfoninsa na farko, watau dogon kiɗa na babbar ƙungiyar makaɗa, ƙarƙashin jagorancin Glazunov. Abin bai yi kyau ba, masu sharhi suka yi masa kaca-kaca. Zuciyarsa ta karaya, ya yi kusan shekara uku bai tsara wani abin kirki ba, sai da wani likita, Nikolai Dahl, ya yi masa magani a 1900. Daga nan ya fito da konshato na biyu a 1901, ya sadaukar da shi ga likitan. Konshato kuwa shi ne kiɗan da fiyano yake amsa-amo da babbar ƙungiya.

Juyin mulkin 1917 ya raba shi da gonarsa ta Ivanovka da ƙasarsa baki ɗaya. A Disamba ya fita da iyalinsa, ya isa Amurka a Nuwamba 1918, bai sake taka Rasha ba. Ga mutum mai shekara 45 da iyali, ba gida ba dukiya, sai ya koma neman abinci da yatsunsa. Daga cikin ayyukansa 45 masu lamba, 39 a gabanin hijira ya tsara su, shida kacal a cikin shekaru 25 da suka biyo baya. Wannan asara ce ga tsara kiɗa, amma ita ce ta kai shi ɗakin naɗar sauti.

Faya-fayan

A Afrilu 1919 ya fara naɗa wa kamfanin Edison. A lokacin ba a amfani da makirufo wajen naɗar sauti. Makaɗi yakan zauna gaban wani babban ƙaho, sauti ya shiga ya girgiza allura, ita kuma ta zana shi a jikin kaki. Ƙaho bai iya kama sauti mai zurfi ƙwarai ko mai laushi ƙwarai, saboda haka fiyano yakan fito a bushe. Zaman bai yi daɗi ba. Edison, wanda kunnensa ya yi nauyi, bai so bugun Rakmaninof ba, kamfanin kuma ya sayar da wasu naɗe-naɗen da makaɗin bai amince da su ba. A 1920 ya koma kamfanin Victor, inda ya zauna har 1942, da sharaɗin ba a fitar da faifai sai da yardarsa. A 1925 makirufo ya shigo, sauti ya gyaru.

Wajibi ne mu lura da abu biyu. Na farko, faifai mai juyi 78 a minti, gefensa ɗaya bai wuce minti huɗu da 'yan kai ba, don haka ana yanka dogon kiɗa gunduwa-gunduwa. Na biyu, ba a iya gyara kuskure, sai dai a sake gefen tun daga farko.

To, me muke ji? Wanda ya saba da yadda aka riƙa kaɗa konshato na biyu daga baya, a ja shi a hankali kamar ana kuka, zai yi mamaki idan ya saurari wanda Rakmaninof ya naɗa a 1929 tare da Stokowski da ƙungiyar Filadalfiya. Yana tafiya da hanzari, kowace murya a fili, ba ya tsayawa yana lallashin wurare masu daɗi. Wasu sun ce ƙarancin lokacin faifai ne ya tilasta masa. Wannan hujja tana da ɗan ƙarfi, musamman da yake konshato na uku da ya naɗa tare da Ormandy a 1939 zuwa 1940 an datse masa sassa. Amma a ganinmu ba ta isa ba. Datsewa halinsa ce ko ba faifai: a 1931 ya rage tsawon sonatarsa ta biyu, a 1941 kuma ya sake taƙaita konshato na huɗu. Har ma ya taɓa rubuta wa abokinsa Medtner cewa idan yana kaɗa wani aikinsa ya ji tarin masu sauraro ya yi yawa, sai ya tsallake sashe. Mutum ne mai gudun gundurar da jama'a, wanda kuma bai manta da abin da ya same shi a 1897 ba.

Amma kada mu ɗauka cewa bawan takarda ne. A 1930 ya naɗi sonata ta biyu ta Shofan, wadda take ɗauke da kiɗan rakiyar gawa. Inda kiɗan ya komo karo na biyu, Shofan ya rubuta a fara a hankali. Rakmaninof kuwa sai ya faɗo masa da dukan ƙarfinsa, sa'an nan ya riƙa rage shi har ya ɓace, tamkar ayarin jana'iza ya zo daf da kai ya wuce. Wannan saɓa wa rubutu ne ƙuru-ƙuru, daga hannun mutumin da shi kansa mai rubuta kiɗa ne. Ke nan a wurin makaɗan zamaninsa takarda mafari ce, makaɗi yana da nasa haƙƙin fassara, muddin ya san inda kiɗan ya dosa. Malamin da ke gaya wa ɗalibi cewa biyayya ga takarda ita ce biyayya ga mai kiɗa, ya kamata ya saurari wannan faifai kafin ya yanke hukunci.

Akwai kuma giɓi a cikin shaidar. Ya ƙi yarda a watsa wasanninsa ta rediyo, saboda haka abin da muke da shi kusan duka na ɗakin naɗa ne, inda ya tace ya zaɓa. Yadda yake a gaban dubban mutane, sai dai mu dogara da labarin waɗanda suka halarta.

Tasirinsa

Masana ba su yi masa adalci ba da farko. Shahararren ƙamus ɗin kiɗa na Grove, bugun 1954, ya yi hasashen cewa farin jininsa ba zai ɗore ba. Makaɗa da jama'a suka ƙaryata wannan. Horowitz ya naɗi konshato na uku tun 1930, Ba'amurke Van Cliburn kuma ya kaɗa shi lokacin da ya ci gasar Caikofski ta farko a Mosko a 1958. Masu shirya fim su ma sun ari salonsa, kuma a nan ne muke zaton aka fara yi masa kallon mai kiɗan hawaye, abin da faya-fayansa ba su nuna ba.

Wasansa na ƙarshe ya yi shi ne ranar 17 ga Fabrairu, 1943, a garin Knoxville na jihar Tennessee, ciwon daji ya riga ya ci ƙarfinsa. Cikin abin da ya kaɗa a daren har da sonatar nan ta Shofan. Ya mutu a Kalifoniya ranar 28 ga Maris, saura kwana huɗu ya cika shekara 70.