MASASSARAR TSUNTSAYE: KADA A YANKA KAZA MARAS LAFIYA

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, kowa ya san al'adarmu: in kaza ta fara layi, sai a yi maza a sa mata wuƙa don kada ta tafi a banza. To, akwai wata cuta da ta sa wannan al'ada ta zama haɗari. Ita ce masassarar tsuntsaye, wadda a Nijeriya ake kira murar tsuntsaye.

Daga ina ta fito?

Ƙwayar cutar tana zaune cikin tsuntsayen ruwa masu ƙaura daga ƙasa zuwa ƙasa. In sun sauka tabki, sai su bar ta cikin kashinsu, agwagi da kaji da zabbi su ɗauka. A shekara ta 1997, a Hong Kong, ta kama mutum 18, shida suka rasu. A watan Fabrairu na 2006 ta ɓulla a jihar Kaduna, cikin wannan wata kuma aka same ta a Magarya, jihar Damagaram. A 2007 ta kashe wata mace a Legas. A 2024 ta shiga shanun madara a Amurka, har ta kama masu kula da su.

Me ya sa likitoci ke tsoron ta?

Har yanzu da wuya ta tashi daga mutum zuwa mutum. Amma ƙwayar mura tana sake kama. In murar mutum da ta tsuntsu sun haɗu cikin jiki guda, suna iya haifar da sabuwa wadda jikin kowa bai san ta ba. Haka murar 2009 ta samu, wadda ta fara daga aladu a Meksiko ta game duniya. Annobar mura ta 1918 kuwa ta kashe miliyoyin mutane.

Me za mu yi?

In kaji na mutuwa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, a gaya wa mai gari da malamin dabbobi nan da nan. Tana kama da annobar kaji da muka saba gani lokacin ɗari, ido ba ya rarrabe su.

Kada a yanka, kada a fige, kada a kai kasuwa. A tona rami mai zurfi a bizne mushen, a wanke hannu da sabuni. A hana yara wasa da su. Kazar da aka sayo, a ware ta sati biyu. Nama da ƙwai su dahu sarai. Wanda ya taɓa su, in zazzaɓi da tari sun kama shi, ya tafi gidan likita ya faɗi gaskiya.

Mun sani hasarar kaji na da zafi, don su ne asusun uwargida. Amma kaza ana sayen wata, rai ba a sayen shi. Wanda ya karanta, ya karanta wa maƙwabcinsa.